Kyamara Biyu a Gidan Dambe

Alhaji Falalu ya shigo gidana da kwali biyu a hammata, bai jira izini ba ya zauna a kujerar marigayiya. Tun rasuwar matata Raliya ba wanda ya zauna a kujerar nan, amma ɗan kasuwa ba ya gane kujerar da ake bari da gangan. Na ƙyale shi.

Falalu mai shigo da kayan hoto ne daga Dubai, shagonsa yana nan Nassarawa, ba nisa da gidana. A shekarun nan Shari'a ta dawo Kano, mulkin farar hula ma ya dawo, kowannensu kuma yana son a ɗauke shi hoto. Ma'aikatu da kwamitoci duk suna neman kyamara. Falalu ya hango kasuwa tun kafin ta ci.

“Malam Badaruddeen, zamanin fim ya wuce,” in ji shi, yana buɗe kwalayen. “Waɗannan da kati suke aiki. Ba wanki, ba shanya, ba ɗakin duhu. Wannan mai kaurin ta 'yan wasa ce, in ka danna ba ta tsayawa sai ka ɗaga yatsa. Wannan kuwa tana da nawa, amma in ta kama mutum, har gashin hancinsa sai ka gani.”

“Wa yake son ganin gashin hancin mutanenmu?” na ce.

Ya yi dariyar da ake yi wa tsoho in ana neman abu a wurinsa. Abin da yake so shi ne in gwada su, tun da na yi shekaru ina editan hotuna a wata jarida da ta mutu ba a yi mata ko sadakar uku ba. Ranar Asabar zai tara manya a zauren wani otal, a rataye hoto ɗaya daga kowace kyamara, babba kamar ƙyauren ɗaki, ni kuma in tashi in faɗi wadda ta fi. Babban baƙo Alhaji Muhammad Sani, wanda ke sa hannu a sayayyar wata ma'aikata, kuma ɗan kwamitin gyaran tarbiyya.

“Mijin ƙanwar matarka ne ma, ka ga abu ya zo gida,” in ji Falalu. “Akwai kuma wakilin wani kamfanin labarai na waje, yana neman mai ɗaukar hoto a Kano. Duk wanda hotonsa ya burge shi, ya haye.”

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta sa na yarda. Na ce sharaɗina ɗaya: Malachi zai riƙe guda.

Malachi mutumin Wusasa ne, Kirista, Hausarsa ta fi ta rabin malaman da ke wa'azi a rediyo. Tare muka yi aiki a jaridar. Ban taɓa ganin mai haƙurinsa a bayan kyamara ba. A zamanin da ake ba mutum fim ɗaya a ce ya kawo wasan ƙwallo gaba ɗaya, Malachi yakan dawo da saura. Da jarida ta mutu, rigingimu kuma suka kori abokan cinikinsa, sai ya koma ɗaukar hoton fasfo da na 'yan makaranta a wata rumfa a Kaura Goje. Mutumin da ya san lokacin da ƙwallo za ta bar ƙafa, ya koma yana ce wa yara su ɗaga haɓa.

Ya zo, ya juya kyamarorin a hannu, ya sansana su kamar mai sayen kifi. Muka raɗa musu suna, Mai Gaggawa da Mai Nawa. Ya zaɓi Mai Nawa.

“Oga, ni dama sau ɗaya nake dannawa,” ya ce. “Kai da ka saba surutu a taron editoci, ga 'yar'uwarka nan.”

Ranar Lahadi da la'asar muka tafi gidan dambe. A lokacin dambe yana cikin abubuwan da ba a hana ba, ba a kuma yarda da su ba. Manya suna tsine masa da rana, direbobinsu suna kawo musu labarin wanda ya yi kisa, wato ya kai abokin karawarsa ƙasa. Na zauna a benci na sama da dogon gilashi a bakin Mai Gaggawa. Malachi ya durƙusa a bakin fage da gajeren gilashi, inda ƙasa ke fantsama masa a fuska.

Gaskiyar Falalu, Mai Gaggawa ba ta da wasa. Tana bin ɗan dambe duk inda ya yi, in ka danna sai ka ji kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Sai dai tana sa mutum lalaci: ka daina kallo, ka bar mata. Mai Nawa kuwa, in ta ɗauka sai ta tsaya tana tunani kamar alƙali, kafin ta yarda ta sake. Wanda bai san dambe ba zai tashi da hoton ƙura.

Can sai kalangu ya canja, maroƙi ya fara kirarin Bahagon Kawaji. Na sauke kyamara na duba da idona. Aƙilu ne.

Aƙilu ɗan Uwani ne, Uwani kuwa ƙanwar matata ce, ciki ɗaya. Mijinta na fari mahauci ne. Da ya rasu dangin uba suka ɗauki yaron suka kai shi Kawaji, ya tashi da wuƙa da zaren dambe kamar kakanninsa. Ita ta auri Alhaji Muhammad Sani, ta haifa masa mata biyu. Da Alhaji ya sami kujera a kwamitin tarbiyya, sai ya tuna yana da agola ɗan dambe. Ya tara mu a falonsa, ni da Raliya muna zaune, ya ce duk ranar da ya gani ko ya ji Uwani ta je inda yaron yake, ta haɗa kayanta, 'ya'yansa kuma suna nan. Alhaji ba ya mayar da magana, musamman wadda ya faɗa a gaban shaidu. Raliya ce ta sami dabara: Uwani ta zo gaishe da yayarta, Aƙilu ya shigo ta ƙofar baya, wajen mangwaro. Da Raliya ta rasu, ƙofar ta rufe. Abin da ya rage, duk Juma'a direba ya kawo Uwani da kwanon tuwo, ta tsaya a baranda mu gaisa, direban yana kallonmu ta madubin mota.

An haɗa Aƙilu da wani dogo. Turmin fari ba kisa, na biyu ma haka. A na uku Aƙilu ya kai hagunsa, dogon ya goce, ya sauke masa dama a ƙarƙashin kunne. Na danna, Mai Gaggawa ta yi ta zuba. A ƙasa na ga kafaɗar Malachi ta motsa sau ɗaya. Aƙilu ya tafi ƙasa, wuri ya kaure. Ya tashi daga baya, yana tangaɗi, yaransa suka janye shi.

A mota muka zaɓi hotunan. A nan muka yi abin da ba za mu taɓa yi ba a zamanin fim. A da, sai an shimfiɗa negetif, wato fim ɗin da aka wanke, a kan fitila, an bi shi da gilashin ƙara girma kusurwa-kusurwa, kafin a ce a buga. Ni na kafa dokar a jarida. Amma ga ɗan allo a bayan kyamara, bai fi kwalin ashana ba, hoto yana fitowa nan take da launinsa, sai muka zama kamar ƙauyawa a gaban majigi. Muka haɗa kai muna kare rana da hula. A hoton Malachi ana ganin hannun dogon a miƙe, Aƙilu ya rabu da ƙasa bai kai ƙasa ba, bayansu kuma wani duhu-duhu na 'yan kallo.

“Shi ke nan,” na ce. “Wannan.”

Muka kai wa Falalu katunan, ya juye a kwamfuta, ya mayar mana.

Ranar Alhamis ya aiko mu je mu ga bugu. An jingina hotunan biyu a bangon shago. Nawa yana da kyau irin kyan da ba ya hana barci: naushi ya fito, gumi ya fito, jama'a a baya sun narke sun zama hayaƙi, don dogon gilashi haka yake yi, kyamarar kuma ba ta tara ƙananan abubuwa. Na Malachi kuwa ba abin da ya narke. Kowace fuska a bayan fage ta fito da kamanninta. Tsakanin hannun dogon da jikin Aƙilu mai faɗuwa akwai wani ɗan sarari, kuma a cikin sararin nan, a layin mata masu sayar da abinci, wata mace ta ɗage niƙabinta da hannu ɗaya, bakinta a buɗe, idonta a kan mai faɗuwar.

Fuskar Raliya na fara gani. Sai da na dafa kantar shagon. Goshin ne, da yadda gira ɗaya ke hawa sama in hankali ya tashi. Sa'an nan hankalina ya dawo, na san matattu ba sa zuwa kallon dambe. Uwani ce.

“Ka ga matar can?” in ji Falalu yana murna. “Wallahi ita za ta sayar mini da kyamarar nan. Dubi har haƙorin Makkanta!”

Malachi ya tsaya da hannuwa a baya. Bai san ta ba. Abin da ya sani, ya ɗauki hoton da ya yi rayuwarsa yana jira.

Na ce wa Falalu zan tafi da shi gida in ƙare masa kallo kafin in rubuta jawabi. Aka naɗe shi, muka sa a mota. A barandata na warware wa Malachi zance, tun daga mahaucin har zuwa falon Alhaji, har zuwa wanda zai yanke kirtani ranar Asabar.

Ya sunkuyar da kai.

“A yanke gefen,” na ce, ko da yake na san amsar.

“Tana tsakiya, Oga. Sai dai ka yanke hannun dogon da kan yaron.” Ya ɗago. “Kai ka koya mana abin da ya faru a fili na jama'a ne. Lokacin rigima, gawa nawa muka buga? Wa ya je ya tambayi uwayensu?”

“Gawa ba a sakin ta, Malachi.”

“Ni ma ban mutu ba,” ya ce a hankali. “Kullum ina rumfar nan ina ce wa yara su daina motsi. Mutumin nan na waje, in ya ga wannan, ba zai tambaye ni shekaruna ba. Ka san haka.”

Na sani. Ban yi masa ƙaryar cewa wani zai sake zuwa ba, don irin wannan ba ya zuwa sau biyu, kuma Malachi ya girmi a yi masa lallashin yara.

“To ta faɗa da bakinta,” ya ce daga ƙarshe. “Kada mu zauna mu biyu mu yanke mata, kamar yadda mijin ya yi. In ta ce a'a, na ji.”

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci motar ta tsaya. Uwani ta fito da kwano a naɗe cikin tawul. Na ɗaga murya yadda direba zai ji.

“Uwani, shigo ki duba zannuwan yayarki. Ina jin asu ya shiga akwatin, ni kuwa ban san kansu ba.”

“Kai Yaya, sai yau ka faɗa? Ai da ka bari sun cinye har akwatin.”

Na bar ƙofar falo a buɗe. Malachi ya miƙe ya gaishe ta, na ce abokin aikina ne. Hoton yana shimfiɗe a kan tebur, mun danne kusurwoyinsa da littattafai. Ta ajiye kwanon. Ta matso.

Ba kanta ta fara kallo ba. Ta kai yatsa kusa da haƙarƙarin Aƙilu, ba ta taɓa ba.

“Ya rame,” ta ce. “Ba ya cin abinci yaron nan.” Sai can idonta ya kai tsakiya. Ta ja mayafinta ta rufe baki, kamar za ta rufe na cikin hoton. “Wa ya gani?”

“Mu biyu, da mai shago da yaron kwamfutarsa. Su ba su san ki ba. Gobe za a rataye shi, Alhaji ne zai buɗe taron.”

Ta zauna a hannun kujera. Ba ta yi kuka ba. 'Yan gidansu ba sa yi a gaban mutane, na yi zama da ɗaya na sani.

“Biki na ce zan je Tudun Murtala,” ta ce. “Na je kuwa, na yi barka, na fita ta baya na hau tasi. Niƙabin ma ranar na saya. Tun rasuwar Yaya ban sa shi a ido ba. Cewa na yi in hango shi kawai in juyo. Da ya tafi ƙasa, abin nan ya tare mini ido, ban ga yadda kansa ya sauka ba. Shi ne na ɗaga.”

Malachi ya gyara murya. Bai ɓoye mata komai ba, wannan kam na shaide shi. Ya gaya mata rumfarsa, da baƙon da zai zo, da abin da hoton zai iya yi masa. Ya ce, “Hajiya, ban taɓa ɗaukar kamarsa ba, ba kuma zan sake ba. Amma fuskarki ce.”

Ta dube shi sosai. “Malam, kana da 'ya mace?”

“Ɗaya. Kezia.”

“Nawa biyu. Babbar an sa ranarta bayan Sallah. In na bar gidan nan, wa zai yi mata jere? Wa zai zauna da ita daren da za a kai ta? Ƙaramar ko kitso ba ta yarda kowa ya yi mata sai ni.” Ta mayar da ido kan hoton. “Na riga na bar ɗaya a hannun mutane. Ga shi nan yadda ya koma. Ka yi haƙuri, Malam. Kada a rataye.”

Malachi ya gyaɗa kai. Ya ɗauko Mai Nawa daga jaka, ya nemo hoton a ɗan allon, ya danna maɓallin da aka zana wa kwandon shara. Kyamarar ta tambaye shi ko ya tabbata. Wannan karon ma sau ɗaya ya danna.

“A da sai ka ƙona negetif, ɗaki ya yi wari kwana biyu,” ya ce. “Wannan ko wari ba ya yi.”

Na fara naɗe bugun, ina tunanin inda ashana take. Uwani ta ɗora hannu a kai.

“Yaya, kada ka ƙona. Ba ni da hoto ni da shi, ko ɗaya. Ka ajiye mini a ɗakin Yaya Raliya.”

Direba ya yi hon. Ta ɗauki kwanon makon jiya, ta fita tana faɗa da ƙarfi cewa zannuwan suna buƙatar kafur, za ta riƙa dubawa.

Saura Falalu da kwamfutarsa. Da yamma muka same shi. Ban ambaci sunan kowa ba. Na ce masa ya yi tunani: mace, fuska a buɗe, a gidan dambe, a gaban ɗan kwamitin tarbiyya da 'yan jarida. Taronsa zai koma shari'a, a tambayi wace ce, a tambayi wa ya buga. Murnarsa ta ragu.

“To ai da sauƙi,” ya ce. “Yaron nan zai goge ta yanzu, ya cike wurin da bango. Ba wanda zai sani.”

“Ni zan sani,” in ji Malachi. “In ka cire ta, saura ƙarti biyu da bante. Ba zan sa sunana a kai ba.”

“Kyamarata ce fa!”

“Yatsana ne.”

Na ce ko a share shi a gabanmu, ko gobe ya nemi wani tsohon ya yi masa jawabi. Falalu ya yi ta sababi, ya ce mu ne irin mutanen da suka kashe jaridarsu da taurin kai, wanda ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Aka share. A madadinsa aka buga wani hoton Malachi, na makaɗin kalangu, jijiyoyin wuyansa a tashe. Hoto ne mai kyau. Irinsa Malachi yana da ɗari.

Ranar Asabar zaure ya cika da manyan riguna da ƙamshin turare, maza a dama, mata ƙalilan da aka gayyato a can baya. Aka buɗe da addu'a, aka yi jawabai a kan ci gaba. Wakilin kamfanin labaran ya tsaya gaban makaɗin na ɗan lokaci, ya yaba, ya karɓi lambar Malachi cikin ladabin da ake karɓar lambar da ba za a kira ba.

Ni hankalina yana wurin Alhaji Muhammad Sani. Ya yanke kirtani, ya zagaya da sandarsa, ya tsaya a gaban hotona. A nan ma Uwani tana ciki, daidai inda take, sai dai Mai Gaggawa ta mayar da ita wani dusu-dusu mai ruwan bula a cikin hayaƙin jama'a. Na tsaya kusa da shi.

“Wannan na ƙasan ai ɗan matata ne,” ya ce, ba tare da ya juyo ba.

“Shi ne, Alhaji.”

“Allah ya shirye shi.” Ya matsa kusa, ya ɗaga tabarau, ya bi bayan fagen da kallo. Sandarsa ta tsaya a kan dusu-dusun. “Wannan kyamarar ba ta fitar da jama'a.”

“Ba ta fitarwa. Wanda ke gaba kawai take gani.”

Ya sauke sandar. “To ai shi ake buƙata,” ya ce, ya wuce wajen lemo.

Na yi ta juya maganar nan daga baya. Ban ga alamar ya gane komai ba, ina jin ra'ayinsa kawai ya faɗa, kuma ra'ayin manya ne gaba ɗaya.

Da aka kira ni, na faɗi gaskiya gwargwadon yadda zauren zai ɗauka. Na ce Mai Gaggawa ta fi ga ƙwallo da dambe da duk inda abu ke wucewa kamar walƙiya, kuma ko wanda bai ƙware ba zai dawo da abin bugawa. Na ce Mai Nawa ta fi ta ido nesa ba kusa ba, amma tana son mai haƙuri, kuma duk wanda ya ɗauka da ita, kada ya kuskura ya yarda da ɗan allon bayanta. Ya buɗe hoton babba, ya bi shi kusurwa-kusurwa, ya san wa ya ɗauko kafin ya kai kasuwa. Aka tafa, kamar yadda ake tafa wa duk wanda ya gama.

Ma'aikatar Alhaji ta sayi Mai Gaggawa. Tun daga nan hotunansu suke fitowa iri ɗaya: hannun babban mutum tas yana yanke kirtani, talakawa a baya kamar hayaƙin murhu.

Bayan Sallah aka yi bikin babbar 'yar Uwani. Ita ta yi mata jere, ita ta raka ta. Na sa baki aka ba Malachi aikin hoton, ya zo da tsohuwar kyamararsa ta fim, ya jera mata a tsakar gida yana ce musu su ɗaga haɓa. Uwani tana tsakiya, bakinta a rufe. Ba su nuna sun taɓa haɗuwa ba.

Babban hoton yana ɗakin Raliya, a bayan akwatin zannuwa, fuskarsa ga bango. Duk Juma'a Uwani tana shigowa da kafur, ta juya shi, ta tsaya gwargwadon haƙurin direba, ta mayar. Sauran ranakun mako ba mai shiga ɗakin sai ni. Ranar nan ta ce ta lura ƙura ba ta taruwa a kansa, na ce mata ɗakin ne ba ya shan iska.